Teburin Cakulan a Accra, da Yadda Muka Dawo da Mista Bulus

Da ƙarfe shida da minti goma na safiyar Litinin muka bar tashar Potiskum. Mu uku ne. Ni Buba na unguwar Dogo Tebo, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana kula da injin ruwa kafin ya ajiye aiki. Sai Alhaji Modu, dillalin shanu a kara. Sai Mista Bulus, tsohon malamin gona, mutumin Filato da ya zauna a Dogo Nini tun ba a haifi 'ya'yanmu ba. Tun da muka dawo, duk inda na zauna sai an tambaye ni, "Malam Buba, wai da gaske ne kun je Gana kun ci alewa har kun kasa tashi?" Alhaji Modu ya riga ya ba da labarin a wurare da yawa, kuma kowane wuri da irin wanda ya ba su. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, yadda ya faru.

Sai na fara da dalilin tafiyar. Matar Mista Bulus, Maman Rahila, ta rasu bara da damina, bayan ta yi shekara biyu a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Daga nan ya daina cin abinci. Ba rasawa ya yi ba. Matan cocinsu suna kai masa, iyalina suna kai masa, gidan Alhaji ma haka. Sai ya buɗe kwano, ya yi cokali biyu, ya rufe. Likita ya duba shi ya ce bai ga ciwo ba. Ya rame har sai da ya ƙara wa bel ɗinsa huda biyu. 'Yarsa guda ɗaya, Rahila, tana aure a Accra. Ta matsa masa ya je ta gan shi, shi kuma ya ce ba zai hau jirgin sama ba, kuma ba zai tafi shi kaɗai ba. Sai ni da Alhaji muka ce mu ne 'yan rakiya. Muka nemi fasfo, aka yi mana allurar shawara aka ba mu katinta.

Zango na farko Kano ne. Mun isa kafin azahar, muka yi salla, muka ci shinkafa a bakin tasha. Mista Bulus ya sha ruwa ya ci rabin ayaba. Da yamma muka shiga babbar motar Legas. A kan wannan hanya ba ni da abin faɗa sai abu ɗaya: wanda ya haura sittin ya nemi kujerar da ke gefen hanyar wucewa, saboda gwiwa. Alhaji Modu bai ji shawarata ba, ya zauna jikin taga don ya ga gari. Da muka sauka washegari sai da muka kama shi mu biyu kafin ƙafarsa ta miƙe.

"Bafillace," in ji shi, "riƙe ni da kyau. Dama aikinka ne tun kaka da kakanni."

Na ce masa, "Alhaji, Babarbare ko a Legas yake ba ya rabuwa da cika baki. Taka a hankali."

A Agege muka sauka, gidan wani abokin cinikin Alhaji da ke karɓar shanun da ake lodawa daga Potiskum. Mutumin kirki ne. Ya ba mu ɗaki mai fanka, ya sa aka yi mana tuwo da miyar kuka don kada mu ji baƙunci. Bayan la'asar Alhaji ya tafi mayanka gaisawa da mutanensa, aka bar ni da Mista Bulus a tsakar gida. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce:

"Malam Buba, na san yarinyar nan. Halin uwarta gare ta. Idan ta gan ni haka, ba za ta bar ni in dawo ba."

Na ce, "To ai 'yarka ce, tana da hakki."

Ya ce, "Tana da shi. Amma kabarin uwarta yana Potiskum. Ku ma kuna Potiskum. Can wa na sani? Kada ku baro ni."

Ni ba na saurin yin alkawari, domin idan na yi sai na cika. Duk da haka na ce masa mu uku muka fito, kuma mu uku za mu koma in Allah ya yarda.

Ranar Laraba da sassafe muka shiga ƙaramar mota mai zuwa Accra kai tsaye. Iyaka uku ake ƙetarewa: ta Binin, ta Togo, ta Gana. A kowace sai an sauka, a buga hatimin fita, a taka da ƙafa, a buga hatimin shiga. Ni na sa takarduna cikin leda tun daga gida, fasfo a gaba, katin allura a baya. Alhaji Modu kuwa cikin hularsa ya sa katin, wai nan ne ɓarawo ba ya taɓawa. Da muka isa Seme, iyakar farko, gumi ya jiƙa katin har ya manne. Ma'aikaciyar ta ɗaga shi da yatsu biyu, ta dube shi, ta dubi Alhaji. Sai da aka shanya shi a kan bonet ɗin mota na kusan rabin awa kafin aka iya buɗe shi aka karanta. Sauran fasinjoji suna ta tsaki, shi kuwa yana sayen gyaɗa yana rarraba musu har suka huce.

A Kwatano na ga abubuwa biyu. 'Yan acaɓansu duk riga iri ɗaya suke sawa, da lamba a baya, kuma na yaba da wannan. Burodinsu kuma dogo ne kamar sandar kiwo, bayansa da tauri, cikinsa da laushi. Alhaji ya sayi biyu ya ce ɗaya na ci ne, ɗaya na kora ni. Daga can har Lome teku tana hannun hagu. Na taɓa jin labarinta, amma ban ɗauka ƙararta tana kai haka ba. Da muka shiga Togo direba ya ce kowa ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya. Na ƙi, domin agogon nan tun da na saye shi ban taɓa masa lokaci ba. Abin da ya biyo baya shi ne washegari na ta da Alhaji sallar asuba saura awa guda alfijir ya keto, kuma har muka dawo bai bar maganar ba. Laifina ne, na karɓa.

Mun isa gidan Rahila a unguwar Madina gab da magariba. Mijinta Kofi ne ya tarbe mu, mutum mai fara'a, kuma yana jin Hausa kaɗan saboda maƙwabta. Akwai al'adarsu da ta burge ni. Baƙo ba ya fara magana. Sai an zaunar da shi, an ba shi ruwa ya sha, sannan mai gida ya tambaye shi abin da ke tafe da shi, ko da kuwa shi ya aika masa ya zo. Kofi ya yi mana haka cikin ladabi, ni kuma na tashi na zayyana masa tafiyar tun daga tashar Potiskum. Abu na biyu, a tashoshinsu mutane layi suke bi su shiga mota, ba mai ture wani, ba mai shiga ta taga. Na tsaya na kalli wannan da kyau. Masallaci kuma yana bayan gidan, liman da ladan duk Hausa suke yi.

Rahila ta fito ta ga ubanta. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito idonta ja. Kwana uku tana dafa masa duk abin da ta san yana so. Mu muka amfana. Mun ci dokunu, wani tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi da wani baƙin yaji mai mai. Mun ci shinkafa da wake da suke dafawa da karan dafi ta yi ja. Shi kuwa cokali biyu, ya rufe kwano, ita tana tsaye a kansa tana cewa, "Baba, ƙara ɗaya mana." Ranar Asabar da safe ta kira ni gefe.

"Baba Buba, na gode da kuka kawo shi. Amma ba zai koma ba. Na gyara masa ɗaki."

Na ce, "Rahila, kin tambaye shi?"

Ta ce, "In tambaye shi me? Ka dubi wuyansa. Idan ya koma can haka, waya za ku yi mini. Ni na rasa uwa, ba zan zauna a nan in rasa uba ba."

Na ce, "Idan kika ga yana ci fa?"

Ta ce, "In na gani da idona, ba labari ba, sai mu yi magana."

Ranar Talata ce ranar komawarmu. Na lissafa, saura kwana uku, kuma ban san ta inda zan ɓullo wa abin ba. A wurin aiki idan ruwa ya ƙi zuwa, nakan bi bututu daga tushe har in gano inda ya toshe. Wannan kuwa na bi iya bina ban gano ba.

Yanzu na zo kan abin da ake tambayata. Ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci, Kofi ya ce zai kai surukinsa da abokansa wani babban otal a bakin teku. Ya ce duk Lahadi da yamma ana jera kayan zaƙi na cakulan zalla, domin ƙasarsu ce ke noman itacen da ake yinsa da shi, kuma ba ya so mu koma ba mu ga abin alfaharinsu ba. Muka yi la'asar muka tafi, mu biyar. Ƙarfe huɗu da kwata na agogonsu muka shiga.

Aka nuna mana tebur muka zauna. Kofi ya tsaya a waje yana neman wurin ajiye mota, Rahila kuma ta tafi wanke hannu. Muka zauna mu uku muna jira a kawo. Minti goma, minti goma sha biyar. Ma'aikata suna wucewa suna mana murmushi, ba wanda ya ajiye mana ko cokali ɗaya na wani abu. Alhaji ya fara hura hanci.

"Malam Buba, ka ga raini? Waɗancan da suka shigo bayanmu har sun fara ci."

Na ce, "Na gani. Da kansu suka je suka ɗebo. Rashin tarbiyya ne. Mu baƙi ne, za mu jira."

Da Kofi ya shigo ya ji abin da muke jira, ya yi dariya har ya dafa kujera, sannan ya ba mu haƙuri. Ya ce a irin wannan wuri ba a zuba wa kowa. Bufe suke ce masa. Kowa ya ɗauki faranti ya bi tebur ya ɗebi abin da ransa ke so, ya ci, ya koma ya ƙaro, ba mai ƙidaya masa. Alhaji ya ce, "Sau nawa?" Kofi ya ce ko sau goma. Alhaji ya miƙe ya naɗe hannun riga.

A gidajenmu namiji mai shekaru ba ya tashi da faranti a hannu yana leƙa tukwane. Na ji nauyin abin. Amma da na isa gaban teburin sai nauyin ya tafi, domin ban taɓa ganin tsari irin wannan a kan abinci ba. Tsawonsa ya kai taku ashirin, na auna. An fara da baƙin cakulan mai ɗaci a hannun dama, ana tafiya yana ƙara haske da zaƙi, har a ƙare da fari kamar tuwon madara a hannun hagu. Kowane iri da nasa tire da nasa abin ɗauka, ba a haɗa na wannan da na wancan. Akwai ƙananan dunƙule da aka birkita a gari, kamar dakuwa. Akwai mai gyaɗa, mai kwakwa, mai citta, har da mai barkono. Akwai kek iri biyar. Akwai wani a ƙananan kofuna mai sauƙi kamar kindirmon da aka burga. A tsakiya kuma ga wata hasumiya hawa huɗu, cakulan narkakke yana kwarara daga samanta zuwa ƙasa ba ya yankewa, an kewaye ta da yankakkiyar abarba da ayaba da gwanda a tsinke. Da tire ya kusa ƙarewa sai a sauya shi da cikakke, a goge wurin. Ko ƙuda ɗaya ban gani ba.

Kafin in ɗauki komai na tambayi wata ma'aikaciya, ta bakin Kofi, ko akwai mai giya a ciki. Ta ce akwai, kuma duk tiren da aka kafa wa 'yar jar tuta shi ne. Na ji daɗin wannan tsari. Amma ina tsaye sai ga wata baƙuwa ta zo da jaka a kafaɗa, jakar ta share tutoci biyu suka faɗi. Ta ɗauka ta mayar, sai dai ban tabbata inda suke ta mayar da su ba. Na sake kiran ma'aikaciyar. Ta duba ta ce tana tsammanin daidai ne. Na ajiye farantina.

Alhaji ya riga ya cika nasa har ya yi tozo. Ya ce, "Me kuma ya faru?"

Na ce, "Tutoci sun motsa. Ta ce tana tsammani. Ni ba na cin abu a kan tsammani, kai ma ba za ka ci ba."

"Haba Malam Buba! Daga Potiskum fa muka taso! Iyaka uku!"

"Ko goma ne."

Muka koma muka zauna, ni da faranti wayam, shi da faranti cike yana kallonsa kamar zai yi kuka. Kofi ya rasa inda zai sa kansa don kunya, ya tashi ya tafi neman babban mai dafawa. Mista Bulus duk wannan lokaci bai tashi daga kujerarsa ba. Rahila ta ajiye masa yankan kek a gaba, bai taɓa ba. Sai ya dubi Alhaji ya ce:

"Modu, turo farantin nan."

Alhaji ya ce, "Ka yi me da shi?"

"In ɗanɗana muku. Ni ba haramun ba ne a kaina in taɓa da harshe. Kuma na san warinta tun ina saurayi a ƙauyenmu, kafin Maman Rahila ta raba ni da ita."

Ya jawo farantin. Ya ɗauki wuƙa ya yanki gefen dunƙulen farko, ya shinshina, ya sa a baki, ya tauna a hankali. Ya ce, "Wannan gyaɗa ce da madara. Ci." Ya yanki na biyu. "Wannan citta. Ci." Na uku ya shinshina kawai ya ture shi gefe. "Wannan kada ka taɓa." Haka ya bi farantin Alhaji kaf. Sannan ya miƙe, ya ɗauki nawa, ya ce, "Malam Buba, zauna. Na san ka, daga dama za ka so a fara."

Na bi shi da ido. Ya fara daga mai ɗaci, yana ɗaukar biyu biyu, ɗaya a farantina ɗaya a wani ƙaramin faranti. Ya dawo ya zauna kusa da ni. Kowanne sai ya ci nasa tukuna, sannan ya yanka nawa ƙanana ƙanana, ya jera su a bakin farantin ta gefen hannuna, ya juyo mini da cokali. Wanda aka tsoma a narkakken cakulan sai ya hura shi, ya taɓa a bayan hannunsa ya ji zafinsa kafin ya miƙo. Ni ba yaro ba ne kuma hannuna lafiya lau, amma ban hana shi ba, domin na lura da abin da ke faruwa. Ya je ya dawo sau huɗu. Duk abin da muka ci, ya ci irinsa. A zuwa na uku ma ban ga ya tsaya ga ɗanɗano ba, kofin nan mai kama da kindirmo ya shanye shi tas ya kankare gindinsa.

Game da daɗi, ga abin da zan ce. Baƙin yana da ɗaci kamar goro a farko, sannan ya narke ya bar ƙamshi a maƙogwaro. Shi na fi so. Mai barkonon sai ka haɗiye sannan ya gaishe ka. Farin ya yi mini zaƙi da yawa, amma Alhaji ya ci bakwai. Abarba a cikin cakulan mai ɗumi kuwa, ban san da me zan kwatanta ta ba a abincinmu. Cakulan da yara ke saya a shagunanmu suna ne kawai suka haɗa da wannan.

Rahila ta daina cin nata tun tuni. Ta zuba wa hannun ubanta ido. Can ta ce, "Baba, a ina ka koyi yanka abinci haka?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wurin mamarki."

"Ba matan coci ne suke kai mata abinci ba?"

Ya ce, "Suna kawowa. Ba ta iya ci, gishiri ya yi mata yawa. Ni nake dafa mata wani da asuba, in rufe ƙofa in ba ta. Sai na ɗanɗana take yarda ta buɗe baki. In ta ci, in cinye sauran. Ta ce kada in gaya wa kowa cewa ba ta iya riƙe cokali, har ke." Ya goge wuƙar da takarda. "Shekara biyu haka muke ci. Yanzu in aka ajiye mini kwano ni kaɗai, sai in rasa wa zan fara ba."

 Ni da nake zuwa gidan nan kusan kullum ban sani ba, Alhaji ma haka. Rahila ta sa gyale ta rufe fuska. Sai Alhaji ya turo faranti ya ce, "To Bulus, tunda ka samu aiki, ga wannan ban yarda da shi ba." Kek ne wanda ya riga ya ci rabinsa. Mista Bulus ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin rasuwar, ya cinye sauran.

Sai ga Kofi da babban mai dafawa, wani dogon mutum da farar hula mai tsawo. Aka gaya masa abin da ya faru. Ya duba guda uku da Mista Bulus ya ture gefe, ya ce dukansu masu giya ne, ba kuskure ko ɗaya. Ya je da kansa ya gyara tutocin, ya dawo ya ba mu haƙuri, ya yi wa Mista Bulus musabaha da hannu biyu. Da na ga mutum ne mai sauraro, na roƙe shi ya nuna mini yadda hasumiyar nan take ɗaga cakulan sama, domin na duba ban ga bututu ko bawul ba. Ya kai ni ya yi mini bayani. Ashe ba famfo ba ne. Wani ƙarfe ne mai murɗi a tsaye a cikinta, kamar na injin markaɗe, yana juyawa yana tura cakulan sama, ƙasan kwanon kuma yana ɗumama shi don kada ya daskare. Ya ce idan hasumiyar ta karkace ko kaɗan, sai ya zuba ta gefe ɗaya, shi ya sa suke auna ta kafin su kunna. Wannan aikin hankali ne, kuma na gaya masa haka. Da na sunkuya in ga gindin, hannun babbar rigata ya shiga ciki har gwiwar hannu. Farar riga ce. Wannan ɓangaren Alhaji yana faɗarsa daidai, ba sai na ƙara ba.

Mun fito ƙarfe shida saura. Ba gaskiya ba ne cewa mun kasa tashi. Alhaji ne kaɗai ya nemi a ɗan jira shi.

Washegari da safe Rahila ta tara mu a falo. Ta ce ta gani da idonta. Amma ta ce cakulan na yini ɗaya ba shi ne abinci ba, kuma ba za ta sake shi ba sai da sharaɗi: kullum a samu wanda zai je gidansa ya zauna, shi ya dafa, ya zuba wa mutumin, su ci tare. Ta ce duk ƙarshen wata za ta kira ni, ni kaɗai, domin ta san ba zan ɓoye mata ba. Idan ya koma ramewa, za ta zo da kanta ta ɗauke shi. Na ce na yarda. Mista Bulus ya ce shi ma ya yarda. A ranar shi ya shiga kicin ɗinta ya yi mana faten doya, ya zuba wa kowa, ya ci faranti guda. Ranar Talata muka kamo hanya mu uku, ranar Juma'a da hantsi muka sauka a Potiskum.

Yau wata biyu ke nan. Ni nake zuwa Litinin, Laraba da Asabar. Alhaji yana zuwa Juma'a bayan masallaci. Lahadi mutanen cocinsu ne. Naman daga mahautan kasuwa yake saye, kowa ya san su, saboda haka ba abin shakka. Girkinsa ba gishiri sosai, na faɗa tun yanzu. Ya saki huda ɗaya a bel ɗinsa, saura ɗaya. Rahila ta kira sau biyu, na gaya mata gaskiya, har da cewa Talata da Alhamis ba mu samu mai zuwa ba tukuna. Alhaji yana kara, ni kuma ina da jikoki da nake kaiwa asibiti da makaranta a ranakun. Na lura a waɗannan kwana biyu tukunyarsa ba ta hawa wuta.

Saboda haka ga roƙona ga duk wanda ya karanta wannan, in yana Potiskum kuma ya san Mista Bulus, Musulmi ne ko Kirista. Ka zo ka same ni a ƙofar gidana a Dogo Tebo bayan la'asar, ka zaɓi Talata ko Alhamis, in rubuta sunanka. Ƙarfe biyu daidai ake zuba abinci. Ka je da yunwarka, kada ka kai masa komai, kada ka bi shi kicin, ka zauna inda ya nuna maka ka bari ya zuba maka. In ka karɓi rana kuma kada ka saɓa, domin ranar da ba ka je ba, shi ma ba zai ci ba.